Shekara bakwai a kujera ɗaya: in tafi MBA ko in faɗa musu gaskiya?

Nafisa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta na mutane ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci ni. A yi haƙuri da tsawon rubutu, ban iya taƙaitawa ba, wannan ma yana cikin abin da ake kuka da ni a kai.

Ni akanta ce, shekarata bakwai a sashen kuɗi na wani babban kamfani. Shekara uku da suka wuce likita ya tabbatar min ina da otizim, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane da fahimtar su, lokacin ina da shekara 31. A wurin aiki babu wanda ya sani.

Makon jiya aka fitar da sunayen waɗanda suka samu ƙarin girma. Karo na uku ke nan babu ni. Wanda aka ɗora a kaina, ni na koya masa yadda ake rufe lissafin ƙarshen wata. Na samu ogana na tambaye shi laifina, ya ce aikina ba ya da abin kushewa, sai dai har yanzu ba a ga alamar shugabanci a tare da ni ba. Na ce to ya lissafa min abu uku da zan yi a ga alamar. Sai ya yi dariya, wai ai ba abin lissafawa ba ne, ji ake yi a jika. Na koma kujerata na zauna ina kallon kwamfuta har aka tashi.

Tambayata biyu ce. Shi wanda aka ba muƙamin yana da digirin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, ni ba ni da shi. In na je na yi, zai buɗe min ƙofar nan? Na biyu, in fito in faɗa musu abin da ke tare da ni, ko in ci gaba da rufe bakina?

Kabiru:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, shekarata 16 a sashen kula da ma'aikata, zan faɗa miki abin da idona ya gani ko da ba zai yi daɗi ba. Kada ki faɗa. Aƙalla ba yanzu ba da ranki yake a ɓace. Maganar da ta fita ba ta komawa ciki. Daga ranar da kika furta, duk kuskuren da kowa ke yi a yafe masa, naki sai a ce "ai abin nan ne". Ba mugunta ce ke sa haka ba, yawancin manajoji ba su san komai a kai ba sai abin da suka tsinta a fim.

MBA kuma ki je ki yi. Kwamitin ƙarin girma yana son abin da zai nuna a takarda idan an tambaye shi dalili.

Malam Auwal:
Ni ina koyarwa a makarantar kasuwanci, kuma ban goyi bayan a ce mata "je ki yi" haka kai tsaye ba. Malama Nafisa, ki fara sanin abin da za ki shiga.

Mutane na ɗauka MBA ajin lissafi ne. Lissafin yana ciki, amma ke da kika shekara bakwai kina rufe littafin kamfani, darussan akanta da na sarrafa kuɗi ba za su ƙara miki wani abin kirki ba. Abin da ake sayarwa a can magana ce da sanayya. Dubi Harvard, inda aka fara wannan digiri a 1908, wadda makarantu da yawa ke kwaikwayon salonta. Ana ba ɗalibai labarin wani kamfani da ya shiga matsala, su karanto, washegari mutum kusan 90 a aji ɗaya, malami ya nuna wanda ya ga dama ba tare da sanarwa ba ya ce buɗe mana muhawara. A shekara biyu ɗalibi zai bi ta kan irin wannan labari kimanin 500, kuma kusan rabin makin darasi daga yawan magana da ingancinta a aji yake fitowa. Sannan ga aikin rukuni, mutum biyar ko shida, wanda rabin wahalarsa gane wane ne ya yi fushi bai faɗa ba. Sannan ga liyafar da kamfanoni ke shiryawa don su zaɓi ma'aikata, a tsaye, cikin hayaniya, kowa na neman ya kutsa ya gaisa da babba.

Ba ina tsorata ki ba ne. Ba kowace makaranta ce Harvard ba, akwai masu yin lacca da rubutacciyar jarrabawa, akwai na ƙarshen mako, akwai na intanet inda muhawarar a rubuce ake yin ta. Amma in abin da ya hana ki muƙami shi ne dokokin da ba a rubuta ba, to za ki biya kuɗi mai yawa ki shiga gidan da aka fi ko'ina yawan irinsu.

Sadiq:
Ni fa ban ga abin damuwa ba. Elon Musk da bakinsa ya faɗa a talabijin a 2021 cewa yana da Asperger, wani nau'in otizim ke nan, ga shi ya fi kowa kuɗi. Masu wannan abin ai baiwa Allah ya ba su, ƙwaƙwalwarsu kamar kwamfuta. Anti Nafisa ki bar musu aikinsu kawai ki buɗe naki kamfanin.

Hauwa'u:
Sadiq don Allah. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wannan magana tana cikin abin da ya fi gajiyar da mu. Ni ma ina da shi, kuma lissafi ba ya shiga kaina ko kaɗan, a sashen sayo kaya nake. Da zarar ka faɗa wa mutum sai ya tsaya yana jiran ka yi abin al'ajabi, in ba ka yi ba ya ce ƙarya kake. Eh, akwai manya da suka fito suka faɗa. Vernon Smith da ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002 ya yi maganar nasa, Bill Gross, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin zuba jari na PIMCO, ma haka. Amma ka lura, duk sai da suka kai inda babu mai iya korar su sannan suka buɗe baki.

Nafisa, ni na yi MBA ɗin, na ƙarshen mako, shekara biyu. Zan ba ki labari yadda yake.

Zangon farko na kusa ajiyewa. Ranar Asabar in wuni a aji ina lissafin yaushe ya dace in ɗaga hannu, yaushe zan kalli fuskar mai magana, yaushe zan yi murmushi. In dawo gida in kashe fitila in kwanta, ko sallamar yarana ba na iya amsawa. Lahadi a sake. Litinin ofis. Wata huɗu ina haka jikina ya tsaya cak, na yi mako biyu ko imel ba na iya buɗewa. Wanda bai taɓa sa fuskar aro daga safe zuwa dare ba ba zai gane irin wannan gajiya ba, ba irin wadda barci ke magancewa ba ce.

Abin da ya cece ni, na je ofishin da ke kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman. Aka yarda malamai su riƙa sanar da ni tun daren jiya in ni ce zan buɗe muhawara, aka kuma bar ni in riƙa miƙa wani ɓangare na gudummawata a rubuce. Rukunina na ce musu ni zan riƙe jadawali da rubuta wa aka ba me, zuwa yaushe. Suka ji daɗi, don babu mai son wannan aikin.

Ga abin da ban zata ba. Darasin halayyar ma'aikata da na sasanci su suka fi amfanar da ni a duk karatun. A can ne karon farko a rayuwata wani ya tsaya gaban allo ya zana min abin da kowa ya sani ba a koya masa ba: cewa kafin a shiga taro an riga an gama shawara a baranda, cewa in babba ya ce "za mu duba" yawanci a'a yake nufi, cewa ana samun mutum shi kaɗai a nuna masa kuskurensa kafin a faɗa gaban jama'a. Wasu 'yan ajin suna hamma, ni kuwa ina rubutu kamar an buɗe min taska.

Nafisa:
Anti Hauwa'u, wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Akwai ranar da daraktanmu yana gabatar da rahoto gaban manya, na ga lambar da ke shafi na huɗu ba ta dace da ta shafi na tara ba, na faɗa nan take. Na ɗauka taimakon sa na yi. Wata shida bai amsa gaisuwata da kyau ba, ni kuma sai bayan shekara wata ta gaya min dalili. To bayan kin gama, an ƙara miki girman?

Hauwa'u:
A inda nake, a'a. Sun riga sun yanke hukunci a kaina tun tuni, takarda ba ta sauya shi ba. Sai da na koma wani kamfanin.

Baban Khalil:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar nan da kyau don ɗana yana shekara ta uku a jami'a, harkar kasuwanci yake karanta. Tambaya gare ni, ku gafarce ni in na yi kuskure. Wannan otizim da kuke ta faɗa, shi ne galahanga? Don mu haka aka ce mana tun yana ƙarami. Kuma in shi ne, yaya aka yi mutum ya kai shekara 31, har da digiri da aiki, ba a gane ba?

Dakta Zainab:
Wa alaikumus salam Baba. Ana amfani da kalmar galahanga a kafafen labarai, sai dai a bakin jama'a ta haɗe abubuwa da yawa da ba su da alaƙa da juna, kuma tana sa mai ji ya hango wanda ba ya iya yi wa kansa komai. Shi ya sa manya da yawa masu wannan yanayi ba sa son ta.

Tambayarku ta biyu tarihi ne zai amsa ta. Leo Kanner a Amurka ya bayyana yanayin a 1943 daga yara 11 da ya duba, Hans Asperger kuma a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya rubuta nasa a 1944. Shekaru da dama likitoci irin yaran Kanner kawai suke nema. Sai a 1981 Lorna Wing a Ingila ta fito da aikin Asperger fili, ta nuna abin faɗi gare shi, daga wanda ba ya magana sam har wanda zai yi maka bayani awa biyu a kan abin da yake so. A 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya cire sunan Asperger ya haɗe su duka ƙarƙashin suna ɗaya. Wanda aka haifa kafin wannan fahimta ta yaɗu, musamman mace mai shiru mai cin jarrabawa, sai dai a ce mata miskila ko mai girman kai. Da ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, wani babban nazari na 2017 ya nuna abin ya fi kusa da uku, wato akwai matan da ake tsallakewa.

Sai in koma kan Kabiru. Na fahimci tsoronka, amma shirun ma da kuɗinsa, Hauwa'u ta gaya mana nawa ta biya. Kuma gwamnatin Birtaniya ta sa Robert Buckland ya yi bincike, rahoton ya fito a 2024: cikin masu otizim da suka isa aiki, kusan 3 cikin 10 ne ke aiki, alhali naƙasassu gaba ɗaya kusan 5 cikin 10 ne, sauran jama'a kusan 8. Wannan a ƙasar da ke da doka ke nan. In kowa ya ci gaba da ɓoyewa, manajojin da ka ce ba su sani ba yaushe za su sani?

Kabiru:
Dakta, da girmamawa, ba Nafisa ce za ta ɗauki nauyin wayar da kan duniya da albashinta ba. Ita ta zo neman mafita ce wa kanta.

Dokar ma da kike faɗa, na san ta. Amurka na da dokar naƙasassu ta 1990 da ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya yi wa ma'aikaci sauƙin da bai fi ƙarfinsa ba. Birtaniya na da dokar daidaito ta 2010. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ma, sashe na 27, ta yi maganar haƙƙin aiki. Duk da haka babu dokar da za ta shiga zuciyar mutum biyar da suka rufe ƙofa suna zaɓen wanda za a ɗaga. Ba wanda zai rubuta "mun ƙi ta saboda otizim". Abin da za su rubuta shi ne abin da oganta ya riga ya faɗa mata.

Kuma bari in faɗi wadda ba a so. Shugabanci aikin mutane ne. In na ba ki mutum goma, dole ki gane wanda ke shirin ajiye aiki tun kafin ya kawo takarda, dole ki iya lallashin abokin ciniki da ya fusata. In kamfani ya ce yana neman wannan, bai yi zalunci ba.

Dakta Zainab:
Bai yi ba, in da gaske abin da yake aunawa ke nan. Amma ka duba labarin da kyau. Ita ta koya wa wanda aka ɗora a kanta aiki, har ya iya. Koyar da na ƙasa ba shugabanci ba ne? Ta nemi a faɗa mata abu uku, an kasa. A nan wa ya gaza bayani, ita ko ogan?

Akwai wani masani ɗan Birtaniya, Damian Milton, shi ma yana da otizim. A 2012 ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar nan ta ɓangare biyu ce: yadda mai otizim ke wahalar karanta sauran mutane, haka su ma suke wahalar karanta shi, sai dai su ne masu rinjaye, don haka laifin ya tattara a kansa. A Jami'ar Edinbura, Catherine Crompton da abokan aikinta sun gwada a 2020. Suka jera mutane takwas-takwas, a ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, har ya kai na ƙarshe. Layin da duka masu otizim ne ya isar da labarin daidai da layin da babu ko ɗaya, layin da aka gauraya ne ya fi zubar da shi a hanya. Da suka maimaita da mutane masu yawa daga baya, wannan faɗuwa ta layin gauraye ba ta sake bayyana ba, ya kamata in faɗi haka. Amma ɗaya sakamakon ya tsaya: wajen isar da bayani, masu otizim ba su gaza kowa ba.

Abin da ke faruwa a ofis shi ne rabin umarni da hannunka-mai-sanda ake ba da shi. Oga ya ce "in kin samu lokaci ki duba min wannan", yana nufin yau kafin a tashi. Ita ta ji abin da ya faɗa, ta bari sai ta samu lokacin.

Usman:
Hhhh wallahi wannan "in ka samu lokaci" ya taɓa sa an ba ni takardar gargaɗi.

Ni ta irin shirin nan na musamman da wasu kamfanoni ke yi don ɗaukar masu otizim na shiga aiki, gwajin manhaja nake yi. Ga waɗanda ba su sani ba, abin ya samo asali ne daga Denmak a 2004, inda Thorkil Sonne ya bar aikinsa a kamfanin sadarwa bayan an gano ɗansa na da otizim, ya kafa Specialisterne. A 2011 aka kafa Auticon a Jamus. SAP ta fara nata shirin a 2013, har ta ce tana so kashi 1 cikin 100 na ma'aikatanta su zama masu otizim. Microsoft da JPMorgan Chase suka biyo a 2015, EY a 2016. A 2017 mujallar kasuwanci ta Harvard ta buga maƙalar Robert Austin da Gary Pisano da ke cewa ɗaukar irinmu riba ce ga kamfani, daga nan kowa ya fara rububi.

Alherin shirin a bayyane yake. Kafin shi na yi intabiyu ya fi goma ban wuce ba. A tambaye ni "ina kake ganin kanka nan da shekara biyar", in tsaya ina tunanin amsar gaskiya, su kuwa ashe haddacciyar amsa suke jira. A shirin kuwa kwana da kwanaki aka yi ana ba mu aiki na gaske ana kallon yadda muke yi. A nan na nuna abin da na iya.

Amma Yaya Nafisa, ga inda gizo ke saƙa. Shekarata biyar, ana sa hotona a rahoton shekara, duk 2 ga Afrilu, ranar otizim ta duniya, a kira ni in yi jawabi. Na nemi a mayar da ni ɓangaren tsara kayan da za a fitar, inda ake hulɗa da abokan ciniki, aka ce kada a ɗora min abin da zai dame ni. Ba wanda ya tambaye ni ko zai dame ni. Sun buɗe ƙofar shiga, matakalar hawa sama ce ba su gina ba. Kuma kusan duk guraben na kwamfuta ne da tantance bayanai, kamar babu mai otizim da ke son talla ko shari'a ko kula da ma'aikata.

Kabiru:
To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan, an san shi, an kuma killace shi.

Usman:
A'a Yaya, kada ka ja ni ɓangarenka tukuna. Da ban faɗa ba da har yanzu ina gida. Kuma abin toshe kunne da nake sawa, da kujerar da aka ba ni can nesa da injin buga takardu, da kwana biyu da nake aiki daga gida, duk don sun sani ne. A babban ofishin nan marar bango, ga fitila mai ƙyalli, ga waya goma na ƙara, da ban kai wata uku ba.

Malam Auwal:
Ina ga akwai hanya tsakanin ta Kabiru da ta Dakta, kuma na ga ɗalibaina sun bi ta. Ba dole sai kin ambaci sunan abin ba kafin ki nemi abin da kike buƙata. Kina iya ce wa oga: na fi yin aiki mai kyau in an ba ni umarni a rubuce da ranar da ake so, a turo min ajandar taro tun jiya, in kuma akwai gyara a aikina a faɗa min kai tsaye, ba na jin haushi. Babu manajan kirki da zai ƙi wannan. In an ƙi, ko in kina buƙatar abin da sai doka ta tilasta, a nan ne takardar likita ke shigowa, kuma sashen ma'aikata ake kai wa, ba a tsakiyar ofis ake shela ba. Ki fara duba dokar ƙasar da kike da kundin ma'aikatan kamfaninku.

Kan karatu kuma, ki tambayi kanki wace kujera kike so. In ta shugaban sashen kuɗi ce, mai zama da hukumar daraktoci, MBA na da amfani. In kuwa abin da kike so a daina tsallake ki ne, a biya ki daidai da iliminki, akwai takardun ƙwarewa da babu ruwansu da iya surutu. ACCA ta akantoci jarrabawa 13 ce, CFA ta masu nazarin zuba jari mataki uku, kina karatu a ɗakinki, a auna ki da abin da kika rubuta. Manyan kamfanoni da yawa suna da tsani biyu, na manajoji da na ƙwararru, inda mutum ke hawa har matakin darakta ba tare da an ba shi mutum talatin ya lura da su ba. Binciken kuɗi, haraji, lura da haɗari, bin ƙa'ida, duk wuraren da ake biyan mutum don ya ga lambar shafi na huɗu ba ta dace da ta shafi na tara ba.

Hauwa'u:
Malam, na yarda da rabin farko. Rabi na biyu kuwa, a yi hattara kada mu ma mu yi mata abin da aka yi wa Usman. Ba ta ce tana tsoron riƙe mutane ba. Ni yanzu mutum shida ne a ƙarƙashina, kuma abin da suke faɗa a kaina shi ne ba sa kwana suna tunanin me nake nufi. In aiki ya yi kyau na faɗa, in bai yi ba na nuna layin da ya lalace. Wanda ke shirin tafiya da Yaya Kabiru ya ambata, ni ba na iya karanta shi a fuska, gaskiya ne. Don haka duk mako biyu nake zama da kowannensu minti ashirin in yi tambaya da baki. Sau biyu na ji abin da masu karanta fuska ba su gano ba. Charlotte Valeur ta shugabanci Cibiyar Daraktoci ta Birtaniya, kuma sai da ta haura shekara 50 aka gano tana da otizim.

Baban Khalil:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Dakta, shi nawa matsalarsa intabiyu ce, ko na neman gurbin koyon aiki ya je sai ya dawo ya ce bai san me ya faɗa ba. Me za mu yi masa?

Dakta Zainab:
Baba, ku sa ya riƙa tafiya da aikinsa a hannu. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, wadda ta tsara wuraren sarrafa shanu da ake amfani da su sosai a Amurka, ta sha faɗa cewa zanen aikinta take shimfiɗa wa masu kamfani a tebur, shi ke samo mata kwangila. Khalil ya ɗauki rahoton kuɗi na wani kamfani da ke kasuwar hannun jari, ai a fili ake buga su, ya yi masa nazari shafi biyu ko uku, ya buga ya riƙe. Hira ta koma kan takardar, a nan zai sake.

Sannan ya rubuta musu kafin ranar ya nemi a turo masa tambayoyin, ko a riƙa yi masa su ɗaya bayan ɗaya. "Ba mu labarin kanka" ba ta da bakin kamawa. "Faɗa mana wani aiki da ka yi da Excel, me aka nema, me ka yi" tana da shi. Wasu za su ƙi, amma neman ba laifi ba ne.

Sadiq:
Anti Hauwa'u a yi min afuwa, ban san abin haka yake ba.

Hauwa'u:
Ba komai ƙanena, ya wuce.

Nafisa:
Na gode muku duka, na karanta kowanne sau biyu, na Anti Hauwa'u sau huɗu.

Jiya na tura wa ogana imel. Ban ambaci otizim ba. Na ce ina so mu zauna minti talatin, kuma kafin zaman ina roƙon ya rubuto min abubuwan da kwamiti ke dubawa a matakin da ke sama da nawa, da misali ɗaya na inda na gaza a kowanne. Na haɗa masa da jerin mutum huɗu da na horar a shekara bakwai da inda kowannensu yake yanzu. Ya amsa da safen nan, ya ce Alhamis ƙarfe goma, kuma zai tambayi sashen ma'aikata ko akwai irin wannan jerin a rubuce, don shi bai taɓa gani ba.

MBA na ajiye shi sai na ji abin da zai ce. Na dai nemi wata makaranta mai ajin ƙarshen mako ta bar ni in zauna a darasi ɗaya in gani da idona, sun ce in zo wata mai kamawa.

Yaya Kabiru, tunda ɓangarenka ne: in Alhamis ta zo ya ce babu jerin, wa zan tambaya bayan shi, kuma yaya zan yi kada ya ga kamar na kai ƙararsa?

Kabiru:
Kada ki tsallake shi. Ki ce masa ku je sashen ma'aikata tare, shi ya yi tambayar, ke ki zauna ki rubuta. Kuma in kun fito ki tura masa imel na abin da aka ce, layi biyar kawai, kada ki wuce biyar.

Nafisa:
Biyar zai yi wuya. Zan rubuta goma sha biyar in turo wa Anti Hauwa'u ta yanke.